Wanda Yake Bayan Ganuwa

Shekara biyu ke nan da mutanen layinmu a Barnawa suka haɗa kuɗi aka kafa ƙofar ƙarfe a bakin layi. Ni ma na ba da nawa kason, ban yi musu ba, don a makon da aka kira taron an haura gidaje biyu a bayanmu. Mai walda ya zo ya yi aikinsa, aka shafa baƙin fenti, aka ɗauki maigadi. Ƙarfe goma na dare ake rufewa, a buɗe da asuba. Tun daga ranar barcina ya ƙara nauyi, wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai akwai wata tambaya da ta biyo ni gida daga wata tafiya, kuma duk daren da na ji ƙarar sakatar ƙofar nan sai ta taso mini.

Tafiyar ta Jamus ce. Wurin aiki aka tura mu kwas na mako uku, ranar Asabar ɗin ƙarshe masu masaukinmu suka ce ba za mu koma ba sai mun ga kogin Rayin, wanda su suke rubutawa Rhein. Masu sauraron sashen Hausa na DW sun saba jin sunan birnin Bonn, to a bakin kogin nan yake. Mu can gaba da Bonn ta kudu muka shiga jirgin ruwa, a wani ƙaramin gari mai suna Rüdesheim, muka bi ruwa muka gangara. Daga Bingen zuwa Koblenz, tafiyar kilomita 65, kogin ya ratsa ta tsakanin duwatsu, kuma kusan duk kwanar da ya yi sai ka hango wani gini a ƙololuwar dutse, da hasumiya da 'yan tagogi ƙanana, gonakin inabi sun gangaro daga gindinsa har bakin ruwa. Sun kai arba'in. Sunan da na ga ya fi dacewa da su a Hausa shi ne kagara, wato gidan da aka gina don yaƙi, mai shi yana ciki da iyalinsa da dakarunsa. Ba gari ba ne guda irin birnin da ganuwa ta kewaye. A 2002 hukumar UNESCO ta sa wannan kwari cikin wuraren tarihi na duniya.

Wanda ya tsaya mini a rai yana daidai garin Kaub. Shi a tsakiyar ruwa yake, kan wani ɗan tsibiri, fari da jan ado, an fasalta shi kamar jirgin da ya kafe. Sunansa Pfalzgrafenstein. Kada mai karatu ya wahalar da harshensa, su ma mutanen wurin Pfalz kawai suke cewa. Sarki Ludwig na Bavaria ya fara gina shi tsakanin 1326 da 1327, kuma ba don ya kwana a ciki ba. Wurin karɓar kuɗin fito ne. Akan ja sarƙa a tare kogin, duk jirgin fatake da ya zo sai ya tsaya ya biya. Wanda ya ƙi, akwai rijiya a cikin ginin, sai a zura shi ƙasa kan wani katako da ke yawo bisa ruwa, ya zauna nan har danginsa su kawo abin da aka yanka masa. Ba a daina karɓar kuɗin fito a wurin ba sai 1867.

Ta lasifika aka ba mu wannan labari, da Jamusanci sannan da Turanci. Mutane suka yi 'yar dariya, wayoyi suka ci gaba da ɗaukar hoto. Ni kaina na riga na ɗauki shida kafin maganar rijiyar ta gama shiga kunnena. Mutumin Kaduna ba ya bukatar a fassara masa abin da ake nufi da a riƙe mutum har danginsa su kawo kuɗi. Mun san yadda ake sayar da gona da fili da ɗankunnen amarya a haɗa kuɗin fansa. Mun ga watannin da iyalan fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna suka yi suna jira bayan harin 28 ga Maris 2022. Na dubi hotunan da ke wayata, sun yi kyau ƙwarai, sai kunya ta kama ni. Shin ya dace mutum ya ji daɗin kallon abin da aka gina don a tsorata mutane a tatse su? Idan kuma ya dace, da wane sharaɗi?

Amsar da ta fara zuwa mini ita ce mai sauƙin. Abin ya wuce, shekara ɗari bakwai ba kwana bakwai ba ce, babu mai kuka a rijiyar yau. Dutse ba shi da zunubi, kuma maginin da ya ɗora shi a tsakiyar ruwa mai ƙarfi ya cancanci a yaba wa hannunsa. Akwai gaskiya a nan. Amma da na ƙara juya ta sai na ga ramin da ke cikinta. Shekarun nan ba su rage wa bafataken da aka zura sanyin ruwan ba ko kaɗan. Abin da ya sha ya sha. Abin da ya canza kawai shi ne mu ba mu san shi ba, ba mu san sunan matarsa ba, ba a zo gidanmu neman gudummawa ba. Idan nisa kaɗai ke halatta dariyar, to wata rana jikokin wani za su je dajin Birnin Gwari yawon buɗe ido, a nuna musu bishiyar da ake ɗaure mutane, su yi hoto suna murmushi. Wannan tunanin bai yi mini daɗi ba.

Za a ce ai mai Pfalz sarki ne, ba ɗan fashi ba. Su ma mutanen wancan zamani sun yi wannan bambancin. A 1282 Sarki Rudolf na gidan Habsburg ya rushe kagarar Reichenstein da ta Sooneck a wannan kwari, saboda masu su sun mayar da su maɓoyar 'yan fashi, ya kuma sa aka kashe waɗanda ya kama. Mai karɓa da izini yakan ce kuɗin na tsaron hanya ne, kamar yadda madugan ayarinmu na Gwanja suke biyan fito a ƙasar kowane sarki don a bar su su wuce da goronsu lafiya. Wani lokaci da gaske tsaron ake saya. Amma ga wanda ke cikin jirgi, sarƙa a gabansa, masu makami a samansa, wuya ne ya gane wanne ne mai takarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban katako mai ƙusoshi a hanyoyinmu ya san irin wannan rashin tabbas.

Bari in dawo gida, don ba Jamusawa na zo yi wa hisabi ba. Kaduna ba ta da ganuwa. Garin Turawa ne, Lugga ya zaɓi wurin, aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Saboda haka mu 'ya'yan Kakuri sai da aka ɗebe mu a motar makaranta aka kai mu Zariya kafin mu ga abin da ake kira birni. Ina tuna yadda ƙirjina ya cika a Ƙofar Doka, malaminmu yana ba mu labarin Sarauniya Amina da yadda har yau ake kiran tsofaffin ganuwoyi da sunanta. Daga baya na ga badalar Kano, wadda littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara, mai mulki daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa. Wannan alfahari ba na banza ba ne. Ganuwarmu ta bambanta da kagarar Turai a abu guda mai muhimmanci: ba gidan mutum ɗaya ta kewaye ba, ta haɗa da talaka da marina da kasuwa, har da filayen noma da aka bari a ciki don ranar da za a rufe ƙofa. Idan aka buga kuge, mutanen ƙauye da awakinsu nan suke gudowa. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya san Bahaushen karkara ma ya sha hari da kamu, ya san kuma darajar garu a wurinsa.

Da wannan alfaharin na zauna har ranar da na kai wa wani abokina tsarabar Jamus a Sabon Tasha. Tare muka tashi a Kakuri, iyayenmu maza masaƙa ɗaya suka yi wa aiki, jiniya ɗaya ke tashin gidajenmu. Shi mutumin Adara ne, asalinsu ƙasar Kajuru. Ina nuna masa hotuna ina ba shi labarin rijiya, sai na ce ai mu alhamdu lillahi tamu ganuwar ta kāre mutane ce. Ya yi shiru, ya ajiye wayar a kan tebur.

Ya ce, "Malam, kai in ka tsaya a ƙofar Zariya kana ganin inda kakanninka suka ɓuya. Ni ƙofar da dawakai ke fitowa nake gani."

Ya ba ni labarin kakarsa, wadda ta ji daga nata iyayen yadda suke zaune a kan duwatsu, a sauko gona da ido ɗaya a kan hanya, in an hango ƙura a bar fartanya a nan. Raina ya sosu. Na ce ai Hausawa ma an kama su an sayar, na kawo Ningi, na kawo Kwantagora. Ya ce, "Na sani. Ban ce kai ka yi ba. Cewa na yi abin da nake gani ke nan." Mahaifiyarsa tana daga ƙofar kicin ta ce, "Ɗana, ku ci abinci tukuna, kakannin ba gudu za su yi ba."

Tarihi yana bayansa. A ƙarni na 19 masarautar Zazzau ta yi ta kai hari kudu neman bayi, bayi suna cikin gaisuwar da ake aikawa Sakkwato, kuma garuruwa irin su Kajuru da Kauru suna ƙarƙashin Zazzau a tsakiyar ƙasar waɗannan ƙabilu. Ba wani sirri ba ne, yana cikin littattafan da ake karantarwa a jami'ar da ke Zariyar kanta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na san wannan tun da daɗewa, amma ban taɓa haɗa shi da ginin da nake alfahari da shi ba. Sanin yana ɗaki ɗaya, alfaharin yana wani ɗakin, ba su taɓa gaisawa ba.

Ina ganin dalilin yana cikin yadda ake ziyarar kanta. Duk mai zuwa kallon kagara ta ƙofa yake shiga, ya hau matakala, ya tsaya daidai inda mai gidan yake tsayawa. A Marksburg, wadda ke saman garin Braubach, ita ce kaɗai kagarar kan dutse a wannan kwari da ba a taɓa rushewa ba, na leƙa ta taga na ga jiragen kaya a ƙasa kamar kwalin ashana. Daga can sama kowa ƙarami ne. Tikitin da ka saya idon sarki ya ara maka na awa guda, kuma idon sarki yana da daɗin aro. Babu mai sayar da tikitin tsayawa a cikin jirgi ƙarƙashin sarƙa, ko a gona lokacin da ƙura ta taso. Haka waɗanda suka kwaɓa ƙasar suka ɗauko ta a ka. Mun san sunan Gijimasu, mun san na Ludwig. Dubban da aka tara, wasu da gayya wasu da bulala, babu sunan ko ɗaya.

To sai me? A ƙaurace wa wuraren, ko a bar su su zube? Na tuna abin da ya zo a hadisi, cewa a hanyar Tabuka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta kufan Samudawa, ya hana sahabbansa shiga wurin sai dai suna masu kuka, ya kuma gaggauta wucewa. Hukuncin na mutanen da aka halaka ne, ni ba malami ba ne da zan faɗaɗa shi zuwa kowane kango. Abin da na ɗauka a ciki ladabi ne: akwai wuraren da ba a shiga da zuciyar ɗan biki, kuma halin da mutum ya shiga da shi abin tambaya ne. Batun rushewa kuwa, ban yarda da shi ba. Masu yankar ganuwar Kano da ta Zariya suna gina shaguna, ko suna ɗibar ƙasarta, ba tausayin kakar abokina ya sa su ba. Ranar da ganuwar ta ɓace, alfaharina zai rasa wurin tsayawa, labarinsa shi ma zai rasa shaida. Gara tana nan, ya nuna ta da yatsa ya ce ga ƙofar.

Akwai wani abu kuma da Jamus ta nuna mini wanda ya hana ni saurin yarda da kyau. Yawancin kagarun nan ba tsufa ne ya rushe su ba. Sojojin Sarki Louis na 14 na Faransa ne suka ƙone da yawa a 1689, Rheinfels kuma, wadda ta fi kowace girma, Faransawa suka tarwatsa ta da albarushi a ƙarshen ƙarni na 18. Suka zauna kangaye, mutanen gari suna ɗibar duwatsun suna gina gidaje, kamar dai yadda ake yi wa tamu. Sai a ƙarni na 19 mawaƙa da masu zane suka fara ganin kyau a kangayen, 'ya'yan sarautar Prussia suka shiga saye suna gyarawa. Stolzenfels, kusa da Koblenz, tsakanin 1836 da 1842 aka sake gina ta, don shaƙatawa da nuna asali. Amma son kangon ya zo da ɗan rakiya. Kowane rusasshen bango ya zama abin nuna wa yara a ce ga abin da Faransa ta yi mana. A saman Rüdesheim, inda muka shiga jirgi, akwai wani ƙaton mutum-mutumi na mace riƙe da kambi da takobi, an ƙaddamar da shi a 1883 don tunawa da haɗewar Jamus bayan ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871. Abin da ya biyo baya a 1914 da 1939 kowa ya sani. Ashe ana iya ɗaukar tsohuwar ganuwa a yi tubalin sabuwa da ita. Mu ma muna yi, duk lokacin da ɗan siyasa ya tuno da daular kakanni ko da bautar kakanni ana saura wata uku zaɓe.

(Wani abin da ya sa ni murmushin yaƙe: garin da ke maƙwabtaka da Rüdesheim sunansa Geisenheim, nan ne mazaunin kamfanin Fritz Werner, wanda ya gina masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a 1964 a Kakurinmu. Na yi shekaru ina wucewa ta gefen katangarta ban san akwai zaren da ya haɗa unguwarmu da wannan kwari mai gonakin inabi ba.)

A jirgin namu akwai wasu Faransawa, miji da mata da yara biyu, suna shan askirim suna kallon abin da sojojin ƙasarsu suka ƙone, Bajamushen da ke kusa da su yana nuna wa yaran wata hasumiya. Wannan bai samu don duwatsun sun tsufa ba, ai a 1914 ma tsofaffi ne. Ya samu ne don bayan 1945 rayayyun mutane sun zauna sun yi aiki mai ɗaci, har de Gaulle da Adenauer suka sa hannu kan yarjejeniyar abota a 1963, aka yi ta musayar ɗalibai, aka yarda kowa ya faɗi abin da aka yi masa da abin da ya yi. A ganina wannan ne ya cire wa kagarun dafi.

Ana cikin tafiya aka nuna mana wasu biyu a kan tudu ɗaya, Sterrenberg da Liebenstein, da wani dogon bango a tsakaninsu. Ana kiransu 'yan'uwa masu gaba. Almara ta ce wa da ƙane ne suka ɓata, kowa ya ja tunga a gidansa. Masu jirgin suna ba da labarin kamar tatsuniyar gizo, ni kuwa gadar Kaduna ce ta faɗo mini.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu 2000 ina saurayi. Ba zan ba da labarin abin da na gani ba, waɗanda suka gani ba sa bukata, waɗanda ba su gani ba Allah ya sa kada su gani. Fiye da mutum dubu suka mutu, aka sake a watan Mayu, aka kuma sake a Nuwamba 2002. Bayan ƙura ta lafa sai aka shiga ƙaura. Kawuna ya bar Television ya koma Rigasa. Iyayen abokina suka bar layinmu suka nausa Sabon Tasha. Wasu musayar gida suka yi, Musulmi ya ba Kirista nasa na kudu ya karɓi na arewa, aka yi ciniki cikin mutunci da hawaye. Mu Baba ya ƙi tashi, ya ce a Kakuri ya ci ƙuruciyarsa, a nan za a yi masa sallah. Garin da aka kafa ba ganuwa ya wayi gari da gwalalo, wato ramin da ake haƙawa a bayan ganuwa, kuma ba wanda ya haƙa shi, kogin da Allah ya ba mu ne muka mayar. Har ba'a ake yi, a kira arewa Makka a kira kudu Urushalima. Gadoji kuwa sai ƙaruwa suke, ga tsohuwar ta wajen filin wasa, ga ta Nasarawa, ga sabuwar Kabala Costain da ta sauko mana Barnawa. A can Rayin, daga Mainz har Koblenz babu gada ko ɗaya, sai jirgin fito, amma ban ga wanda ya duba agogo ko ya saurari jita-jita kafin ya haye ba. Mu nan mai gidan haya yakan tambayi sunanka kafin ya gaya maka kuɗin ɗaki.

Abin dariya, abin kuka, mu ma muna da kagarar Jamusawa. Idan ka bi hanyar Kachia ka wuce Sabon Tasha da Kujama, kimanin kilomita 45 daga Kaduna, akwai ginin da kowa ke kira Kajuru Castle. Wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, ya gina shi a shekarun 1980, da dutse, a kan dutse, da hasumiyoyi irin na ƙasarsu da wurin ninƙaya. Babu wanda aka taɓa karɓar fito a ƙofarsa, babu yaƙin da aka gina shi dominsa. Siffar tsoro ce aka kwaikwayo don nishaɗi. Mun taɓa zuwa da abokin nan nawa da iyalanmu, muka ci shinkafa a kan tabarma, yana nuna mini duwatsun da ke kewaye yana kiran sunayensu da harshensu. A lokacin ban san abin da duwatsun suke nufi a wurinsa ba. Ranar 19 ga Afrilu 2019 'yan bindiga suka kai hari wurin da dare, suka kashe mutum biyu, wata Baturiyar Ingila ma'aikaciyar agaji da wani ɗan Najeriya, suka tafi da wasu. Kaurin bangon bai hana komai ba. Huebner ya iya ɗauko fasalin ginin daga ƙasarsu, amma kwanciyar hankalin da ke sa a kalli irinsa ana shan askirim ba a sa ta a kwantena. Tun daga ranar ban koma ba, kuma in yarana suka tambaya sai in ce sai an kwana biyu.

Ga inda na tsaya, ko da yake tsayuwar ba ta gama daidaita ba. Ban ga laifi ga wanda ya ga kyau ya ce kyau ne ba. Ban goge hotunan Kaub ba, kuma in Allah ya kai ni Ƙofar Doka gobe ƙirjina zai sake cika. Amma kallon yana da bashi. Wanda ya hau inda sarki ya tsaya, ya sauko ya zagaya ta baya ya tsaya inda ɗayan ya tsaya, ko da a zuci ne. Ina so in ga ranar da malamin da ya kai yara Zariya zai ba su labarin Amina, sannan ya gaya musu inda dawakan suke zuwa, ba tare da ya ji ya ci amanar kowa ba. Ina so motar makarantar ta wuce da su kufan kan duwatsun Adara da na Gbagyi, su ga cewa su ma kagara ce, ta waɗanda ba su da dawaki. Yaron Sabon Tasha shi ma a nuna masa cewa a cikin garun akwai talakan da tsoro ya kora ciki. Na san masu cewa tono irin wannan tayar da fitina ne. Mun yi shekara ashirin da wani abu muna binnewa, ga inda muke.

Wannan duk mai sauƙi ne, don magana ce a kan ganuwar matattu. Mai wuyar ita ce ƙofar layinmu. A bayanmu akwai wata unguwa ta masu ƙaramin ƙarfi, layinmu ne hanyarsu mafi kusa zuwa titi. Bayan an sa ƙofar da 'yan watanni aka ce wata mata naƙuda ta kama ta da tsakar dare, sai da aka zagaya da ita ta wajen kwata kafin a sami Keke. Ta sauka lafiya. Na ta da maganar a taron wata, wani dattijo maƙwabcina ya ce, "Alhaji, mun ji. In an buɗe, kai za ka kwana a bakin ƙofar?" Ban da amsa. Tsoronsa na gaskiya ne, nawa ne ma. Aka tsaya a kan a ba maigadi izinin buɗe ƙaramar ƙofa in lalura ta taso, wato dai shi zai duba fuskar mutum cikin duhu ya yanke ko lalurarsa ta isa. Na ci gaba da biyan kuɗin wata.

Watan jiya na dawo daga Kano a makare, motar ta lalace mana a hanya, ban iso ba sai wajen huɗu da rabi na dare. An canza maigadi ban sani ba. Na ƙwanƙwasa, ya hasko ni da tocila ta tsakanin ƙarafan.

"Yallaɓai, wa kake nema?"

Na faɗi sunana da lambar gidana. Ya ce shi ba a ba shi wannan sunan ba, in kira wani daga ciki. Wayata ta mutu tun a Zariya. Na koma gefe na ajiye jaka. Akwai 'yan ga-ruwa uku zaune a kan kurarsu suna jiran a buɗe, da wata mata da tiren ƙosai a lulluɓe, za ta bi ta layin ta fita titi. Ɗaya daga cikin 'yan ga-ruwan ya matsa ya ba ni gefen kurarsa. Daga nan ina hango fitilar barandata, da wayar da na sa aka nannaɗe a kan katanga bara, tana ƙyalli. Ban taɓa ganin gidan daga wannan wurin a wannan lokacin ba. Matar ta ce kullum haka suke yi, wani lokaci ƙosan ya huce kafin a buɗe. Na sayi na ɗari biyu muka raba, muka zauna har aka kira sallah.